Baba Ya Ƙwace Min Hedifon

Ina gaban kwamfuta, ido a rufe, ina ta kaɗa kai, sai na ji an zare min hedifon daga kunne. Baba ne.

"Me ke cikin abin nan da ya hana ka amsa kirana?"

Na sha wahala kafin na sami hedifon ɗin nan. A shagon wani ɗan Ibo a kasuwar Zuru na yi ta gwaji har mutumin ya fara hamma, sannan na dace da mai bes, wato kaurin sautin da ake ji har a haƙori. Na haɗa da ƙaramar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, don ya ƙara nauyi.

Baba tsohon soja ne, a da shi ke buga babbar ganga a badujalar sojoji. Tun da kunnensa ya yi nauyi ya daina kunna rediyo, wai duk kiɗa ya koma masa kukan sauro.

Don tsokana na sa masa hedifon ɗin a kunne, na kunna kiɗan fareti, na murɗa amfilifaya.

Can sai ƙafarsa ta hagu ta fara taka ƙasa, hannun dama yana dukan iska. Mama ta leƙo daga kicin, ta tsaya da ludayi a hannu.

Da kiɗan ya ƙare na miƙa hannu. "Baba, kayana."

"Yaro, rabona da jin gangar nan tun da na ajiye kaki. Maido shi farko."

Yanzu kwamfutar ta zama tasa, ni aikina murɗa amfilifaya.

Jama'a, wa ya san dabarar ƙwato kaya a hannun tsohon soja? Ku faɗa min, ko da yake ban tabbata ina son ƙwatowa ba.