Kwat Ɗin Mijin Yaya

Mijin yayata mai hoto ne, kuma tun ina 'yar makaranta nake jin haushin yadda yake juya kan mutane kamar mai zaɓen kankana. Shagonsa yana bakin layinmu, tsakanin mahauci da mai gyaran rediyo. Ɗaki ne guda: farin ƙyalle a bango, kujerar da aka tokare ƙafarta da kwali, madubi, mataji, sai fitilu biyu masu laima. Shagona na atamfa yana kallon nasa, don haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, sauran kuma Yaya ta ba ni.

Hoton fasfo ne aikinsa. Na katin shaida, na lasin tuƙi, na makaranta, na neman aiki, duk wanda ya girma a unguwarmu ya zauna a kan kujerar nan. Mutumin yana da wata aƙida da ba a taɓa masa: ba a zuwa gaban hukuma a wulaƙance. Saboda haka tun yana saurayi ya sayi wata kwat ruwan ƙasa a gwanjo, mai faffaɗar kwala, da ɗigon tawada a bakin aljihu, ya rataye ta a ƙusa. Duk namijin da ya shigo sai ya sa ta. In siriri ne, ya tattare ta ta baya da abin maƙale shanya. In mai ƙiba ne, ya ce ya riƙe numfashi. Mu mata Allah ya taimake mu, mayafi kawai yake gyara mana.

"Baba, ai rigata sabuwa ce," wani saurayi zai ce.

"Sabuwa ce a wurinka. Gwamnati ba ta san ka ba, ɗana. Bari ta fara ganinka a mutum."

Abin dariyar shi ne, mutumin da ya shirya fuskar kowa don katin shaida, shi ba shi da kati. Dalilin kuwa labari ne da ya fi so a duniya, ba a roƙonsa sau biyu. Wai a zamanin kakansa Turawa biyu suka zo ƙauyensu, kowa da tafintansa, da igiyar awo, za su raba ƙasa. Suka yi ta gardama a gindin bishiya, rana ta buɗe, suka gaji, suka kafa dutse a daidai inda suka gaji. Gidan kakansa ya faɗa wata ƙasa, rijiyar gidan ta faɗa wata. Shi kuma naƙudarsa ta kama mahaifiyarsa a hanyar dawowa daga rijiyar, mata suka kewaye ta da zannuwa aka haife shi a nan.

"To ta wane gefen dutsen?" mu kan tambaye shi.

"Kakata ta ce ita jinjiri take kallo, ba dutse ba."

Yana ƙarami ubansa ya zo da shi birni, bai sake komawa ba sai da ya tashi neman kati. A nan birni aka ce ya je can tsallaken iyaka, tunda ƙauyensu na can ne. Ya je can, suka saurari maganarsa suka ce ai bakinsa na nan ne, ya koma inda ya fito. Ya dawo ya yi dariya ya watsar da zancen, ya auri Yaya, ya haifi 'ya'ya biyar, dukkansu da katinsu, mazan cikinsu a cikin kwat. Ni kuwa tunda akwai wasa tsakaninmu, Mara-ƙasa nake ce masa. Ya kan ce, "Auta, ke ɗaya gare ki, ni biyu. Ki dinga girmama manya."

Haka muke har ranar da bam ya tashi a tashar mota. Da hantsi ne, ina auna wa wata mata yadi, sai ƙasa ta girgiza, gilashin shagon mai rediyo ya zube. Ba zan faɗi abin da aka gani a tashar ba. An rasa mutane da yawa, a layinmu kaɗai mun rasa uku, har da direban da ke haya a bayan gidanmu, mutum mai fara'a wanda ba ya wuce yaro bai tsokane shi ba. Na yi kuka har na rasa murya. Mijin Yaya ya rufe shago, ya dinga bin gidajen da aka yi rashi da hotunan mamatan da ya sake wankewa ya sa a firam.

Bayan haka gari ya canja. Aka kafa shingen bincike a kowane lungu, har da bakin layinmu, kowa ya wuce sai ya nuna kati. Rediyo kuma ba ta da zance sai na baƙi, wai daga tsallake maharan suka shigo, duk wanda ba shi da takarda za a mayar da shi inda ya fito. Yaya ta hana mijinta ƙetare shingen ko da sayen batir ne.

Ashe ba sai ya ƙetare ba. Wani matashin jami'i a shingen, mai lura ne, Allah ya ba shi lada, ya duba katin mai rediyo, ya duba na wani malamin makaranta, ya duba na wani ɗan dako. Fuska daban, suna daban, shekaru daban, amma kwat ɗaya, da ɗigon tawada a waje ɗaya. Kafin azahar ya tara katuna cike da hula. A ganinsa, ko dai kayan wata ƙungiya ne, ko kuma akwai mai buga katin jabu a unguwar. Aka tambayi wanda ya ɗauki hotunan, kowa ya nuna shago ɗaya.

Ina tsaye a ƙofar shagona suka shiga. Suka ce ya ba da katinsa, ya ce babu. Suka ce a ina aka haife shi. Wallahi ina jin tambayar na dafe kai, don na san abin da zai biyo baya. Bawan Allah ya gyara tsayuwa ya fara da Turawa biyu da igiya. Bai kai ga rijiya ba suka sa shi a mota, shi da kwat ɗin.

Abin da ya fi ƙona min rai ba kamun ba ne. Motar ba ta gama ɓacewa ba na ji mahauci yana cewa a ƙasa-ƙasa, "To, ai dama ba ɗan ƙasa ba ne. Mutum sai Allah." Mutumin da suke jingina da bango ɗaya tun kafin ya yi gemu! Na tsallaka titi ko takalmi ban sa ba.

"Fito da katinka," na ce masa.

"Haba Auta, ni ba wani abu na ce ba."

"Fito da shi mu gani! Rigar wa ka ara ka zama ɗan ƙasa?"

Ya sunkuyar da kai yana goge wuƙar da ba ta da datti.

Washegari da safe muka tafi ofishin da aka kai shi, ni da Yaya da mai rediyo. Mun kai bakin titi sai ga matar direban nan da ya rasu ta biyo mu, ko sallamar masu gaisuwa ba ta gama ba. Yaya ta ce ta koma, ta ce ba za ta koma ba. Can baya kuma mahauci ne yake tafe, yana yi kamar hanya ce ta haɗa mu.

Babban jami'in dattijo ne, idanunsa jajur don gajiya. Katunan layinmu suna baje a teburinsa, kwat ɗin kuma an sa ta a leda an ɗaure kamar za ta gudu. Na shiga da faɗana a baki, ya bar ni na yi ta yi har na tsaya da kaina.

"Hajiya, ni ma na binne yarana biyu a wannan abin," ya ce. "Ga katuna da riga ɗaya, ga wanda ya ɗauki hoton ba shi da ƙasa. Ke ce a kujerar nan, me za ki yi? Katunan mun bincika, na gaskiya ne. Amma shi umarni aka ba mu, mara takarda a kai shi iyaka. Mota za ta tashi gobe."

Yaya ta zauna a ƙasa. Mutum mai furfura, mai ciwon gwiwa, a sauke shi a bakin wani dutse inda ba wanda ya san shi!

Matar direba ce ta yi magana, a hankali. "Yallaɓai, don Allah juya ka dubi bayanka."

A bango, bayan kujerarsa, akwai babbar takardar da hukuma ta buga mai ɗauke da hotunan waɗanda suka rasu a tashar. Ya juya.

"Layi na biyu, na tsakiya, mijina ne. Na ƙasansa ɗan maƙwabtanmu ne, ɗalibi. Ga kwandasta can a gefe. Dubi abin da ke jikinsu." Ta share ido da bakin mayafi. "Ranar da ya je ɗaukar hoton nan, singileti ne a jikinsa, duk baƙin mai. Baba ya ce ba zai bar shi ya je gaban hukuma haka ba. Yanzu shi ne kaɗai hoton ubansu da yarana suke da shi, ga shi nan kamar wani manaja. In ka kai Baba iyaka, ka sauke hoton nan ka ba ni, don ba ku san ko su wa kuke makoki ba."

Jami'in ya daɗe yana kallon bangon. Sai mahauci ya kutso daga bakin ƙofa, gumi na zuba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma na sa ta. Ta matse ni a hammata, amma na sa. In rantsuwa ake so, ni zan fara."

Rantsuwar kuwa ita aka nema. Jami'in ya ce zai sake shi a hannunmu, da sharaɗin dattawan unguwa su je su shaida a gaban hukuma cewa a nan ya tashi, a yi masa kati kamar kowa. Da aka fito da shi, ba hula, gashinsa a hargitse, Yaya ta fashe da kuka. Shi kuwa abin da ya fara tambaya shi ne ko an kashe fitilun shago, don ƙwansu tsada gare shi.

Aka yi ta kai da kawowa har damina ta wuce, sannan katin ya fito. Wata yarinya ce ta ɗauke shi hoton a ofis da na'ura, ya fito kai a karkace, ido ɗaya a lumshe. Ya yi ta mita, wai aikin yaran zamani. Amma daga ranar ba mu sake samun zaman lafiya ba. Mutumin da a da ba ya ƙetare shinge, yanzu ko allura Yaya ta ce tana so, shi zai je. Jami'an sun san shi, suna hango shi za su ɗaga masa hannu ya wuce, shi kuma ya ƙi.

"Baba, wuce mana, mun gani jiya."

"Jiya daban. Ku duba, aikinku ne."

Sai ya tsaya a layi, cikin rana, bayan masu babur, ya zaro katin daga aljihun gaba ya miƙa da hannu biyu. Da gari ya lafa aka kwashe shingen, kowa a layinmu ya yi hamdala, shi kaɗai ya wuni fuska a ɗaure. Ban iya haƙuri ba, na leƙa shagonsa na ce, "Wai duk wannan rawar kai a kan katin da ka fito kamar an tashe ka daga barci?"

Ina jira ya rama kamar kullum. Sai ya goge katin da bakin rigarsa ya mayar aljihu.

"Auta, ke an haife ki da ƙasarki," ya ce. "Ni sai da na yi furfura aka ba ni tawa. Bar ni in nuna ta."