Malamin da Ba Ya Ƙarasa Zane

Kullum kafin ɗalibai su iso, malamin zane ya riga ya goge allo, ya fere fensira, ya jawo tsohuwar durowarsa ya bar ta a buɗe. Shekara talatin da biyu ba wanda ya taɓa ganin kwaɗo a jikinta. Zane-zanensa ne maƙil a ciki, kuma bayan kowace takarda rubutu ɗaya ne: “Kowa ya kwafa. Ya faɗi inda ya samo. Ya cike gurbin da kansa.”

Wane gurbi? Ai nan abin mamakin yake. Malam ba ya ƙarasa zane. Tsuntsu ba jela, keke ba sirdi, mace ta miƙo hannu ba komai a ciki. In ɗalibi ya tambayi abin da zai sa, sai ya ce, “Da na sani, ai da na sa.”

Sai bara aka gane amfanin gurbin. Ɗalibarsa, 'yar wani tela, ta kwafi macen nan mai miƙa hannu, ta kai zanen jarrabawar shiga babbar makaranta. Masu dubawa suka ce sun san matar nan a bangon wani littafi, sunan Malam da ta rubuta a ƙasa kuwa rufa-rufa ce. Za a soke sunanta. Uban ya shigo aji a guje, tef ɗin awo a wuya.

“Malam, wai 'yarka ɓarauniya ce!”

Malam ya zaro ainihin zanen matar, takardar ta tsufa har ta yi ja, suka tafi wurin masu dubawa. Ya ajiye ta kusa da littafin.

“Ranka ya daɗe,” ya ce wa shugabansu, “matar littafin nan me ta riƙe?”

“Ba komai.”

“Haka na bar ta. Mai littafin ya kwashe har da gurbin, sunana kawai ya manta. Ta yarinyar fa?”

Shugaban ya gyara tabarau. Almakashin baban yarinyar ne a hannun matar da ta zana, har da tsumman da aka naɗe kunnensa da shi.

“Kai!” in ji tela. “Nawa ne wannan!”

Aka ɗauki yarinyar a makarantar.

Malam, kai ne mai buɗaɗɗiyar durowa. Kai ne ka koya wa yara cewa aro ba sata ba ne, muddin an ambaci mai abu an kuma ƙara da nasu. Wannan watan za ka ajiye alli, ka ce durowar a aji za ta zauna. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma masu sana'a a hannu, ku buɗe taku durowar. Ku bar wa na baya gurbi.