Ranar da Ƙarfe Ya Ci Rabi'u Rumbu

Duk Tibiri babu wanda bai san Rabi'u Rumbu ba, kuma ko baƙo ne kai ba sai an nuna maka shi ba. In ka ga mutum zaune a ƙofar ma'ajiyar irin shuka ta ƙungiyar manoma, ya cinye benci shi kaɗai, to shi ne. Ni Salamatu taubashiyarsa ce. Uwata, Inna Laraba, ƙanwar ubansa Sanda ce, don haka tun muna yara nake da ikon faɗa masa abin da na ga dama, shi kuwa ba shi da ikon yin fushi. Na mori wannan iko sosai, ba na musu.

Makaɗa ne suka sa masa suna Rumbu lokacin yana ɗan kokowa. A wancan zamani ba ƙiba ce da shi ba, ƙirji ne da damtse. Bai taɓa ɗaukar takobin gasar kokowa ta ƙasa ba, amma a filayen kaka daga Gidan Sori har Sae Sabuwa kaɗan ne za su ce sun ga bayansa a ƙasa. Unguwarmu ce ke ciyar da shi, don haka ake yi wa ɗan kokowa: wannan gida ƙwaryar fura, wancan akushin tuwo, mahauta su aiko da tsoka. Sai gwiwarsa ta gurɗe a wata kokowa a Gidan Rumji, ya bar fili ke nan.

Kokowa ta ƙare, ƙwarya ba ta ƙare ba. Wace mata ce za ta fara daina aikowa, a ce ta ga ya faɗi ta juya masa baya? Shi kuma ƙwaryar wa zai mayar da saura a ciki, mai ita ta kwana tana tunanin me ta yi masa? Haka muka taru, rabi ƙauna rabi kunya, muka yi ta ɗura wa bawan Allah har ya zama abin da makaɗa suka kira shi da wasa. Da tawa ƙwaryar a ciki.

Abu na biyu da aka san shi da shi, ƙarfe ba ya cin sa. Wannan kuwa labarin Kawu Sanda ne. Rabi'u yana da wa, Bashir, wanda lauje ya yanka a ƙafa wajen yankan ciyawa. Ciwo ɗan ƙarami, amma ƙafar ta kumbura, haƙora suka datse, yaro ya rasu a hannun ubansa. Ana gama zaman makoki Kawu Sanda ya bar gonarsa a tsakiyar damina, ciyawa na cin gero, ya nufi arewa. Da ya dawo, ya rame ya yi baƙi, da ƙullin maganin ƙarfe a aljihu. Ya jiƙa, ya ba ɗan da ya rage masa ya sha. A wannan shekarar gidansu ba su ɗaure damman kirki ba, Inna ce ta riƙa kai musu hatsi.

Daga baya aka sami samari masu wa'azi da ke yi wa tsohon habaici, wai akwai masu yaudarar mutane da saiwa da ganye. Kawu bai taɓa tanka musu ba. Sai dai ya nuna Rabi'u da sandarsa ya ce, "Ga shi nan, ku tambaye shi." Har ya koma ga Allah wannan ce amsarsa. Shi kuwa Rabi'u, ko masu rigakafin sanƙarau suka zo, cewa yake, "Ku wuce, kada ku ɓata allurarku." Yara su yi ta ihu don murna. Ni dai ban taɓa ganin an gwada shi da wuƙa ba, ban kuma taɓa jin wanda ya nemi a gwada ba.

Jiki fa ba ya jin kirari. Gwiwoyin suka fara ƙi. 'Yan kabu-kabu in sun hango shi sai kowa ya tuna babu mai a babur ɗinsa. Matarsa Zainaba ta ce in yana barci numfashinsa kan tsaya, sai ta girgiza shi ya dawo. Ga ƙishirwa ba dare ba rana. Salla ta koma bisa kujera a bakin sahu. Sannan wani ɗan miki ya fito masa a ɗan yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, kuma duk wanda ya san labarin Bashir bai so ganin mikin nan ba.

Ni ce na yi lakol, wato boko, a gidanmu, saboda haka duk inda za a yi faransanci ni ake ja. Na raka shi wurin likita a Maradi. Likitan ya duba ƙafar, ya auna tansiyo, wato hawan jini. Ya ce yana zargin ciwon suga, kuma a yadda jikin ya kai, rage cin abinci kaɗai ba zai fisshe shi ba. Akwai aikin da ake yi a Yamai, a rage tumbin mutum ya koma ɗan ƙarami, loma kaɗan ta ƙosar da shi. Ya faɗi haɗarin aikin bai ɓoye ba. Ya kuma ce in an bar abin haka, ƙafar ce za ta fara tafiya.

Na ɗauka Rabi'u zai yi dariya ya tashi. Sai na ji yana tambaya, a hankali, ko bayan aikin mutum kan iya durƙusawa. Likita ya ce in nauyi ya sauka, da yardar Allah.

A hanya na ce, "Kai Rumbu, in anka rage ka, mi za mu kira ka? Tukunya?"

Bai rama ba. Ya ce, "Salamatu, so nike goshina shi taɓa ƙasa kahin a sa ni cikinta."

Tun daga nan na san ya yanke shawara, kuma tausayinsa ya kama ni.

Irin wannan aiki ba na aljihun maigadi ba ne. Sa'ar da aka yi, ƙungiyar da yake wa gadi ta sa ma'aikatanta a asurans, wato masu biya wa mutum kuɗin magani. Muka je buronsu, wato ofishinsu. Wata madam mai tabarau ta karanta bayanin likita, ta ce su ba sa biyan aikin rage ƙiba, don a wurinsu aikin kwalliya ne.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Madam, don Allah cire tabaran nan ki dube shi da kyau. Wanga ko an raba shi biyu, wa za ya gan shi ya ce kwalliya?"

Rabi'u ya yi dariya har da tari, benci na kuka. Ita ma ta dara, ta sauko. Ta ce ba ita ta kafa dokar ba, amma akwai hanya. In aka nuna cewa ƙibar ta zama cuta mai barazana ga rai, likitansu zai sake dubawa, kuma sun taɓa amincewa da irin haka. Sai dai zargi ba ya isa. Dole a ɗebi jini a auna suga da sauran abubuwa.

Tana cewa a ɗebi jini, dariyar ta ɗauke. Ya dafa bango ya miƙe, ya yi mata godiya, muka fito. Ni da wautata sai a lokacin na tuna. Shi da ya yarda a buɗe masa ciki yana barci a Yamai, inda babu wanda ya san shi, ba zai miƙa hannu a Maradi ba, inda rabin masu jiran layi 'yan Tibiri ne.

Aka shiga ja-in-ja. Na lallashe shi, na zage shi, na haɗa shi da Allah. Amsarsa ɗaya: "Allura ba ta shiga jikina, mi za ni je yi?" Mikin kuwa yana ƙara faɗi, Zainaba na kuka a ɗaka. Ƙwaryoyi ba su fasa zuwa ba, har ƙaruwa suka yi, don an ji ba shi da lafiya.

Ana cikin haka Haladu wanzami ya tare ni a hanyar kasuwa. Shi ke yi wa Rabi'u aski tun yana fili. Ya duba gabas ya duba yamma, sannan ya ce, "Malama, in hwaɗa maki wani abu, amma ki riƙe. Askata ta sha cin ƙeyar Rumbu. Hannu ne, wata rana shi kan kuskure. Jini na hitowa kamar na kowa. Sai in danne da babban yatsa, in jawo hira, har shi tsaya."

"Ba ka taɓa gaya mashi ba?"

"Ni? In ce ma ɗan Sanda haka? Da wane baki?"

Ban ko shiga kasuwar ba. Na nufi gida da niyyar in je in fasa masa ƙwan kowa ya huta. Inna na tsakar gida tana tsince wake, na zazzage mata labarin ina haki. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Zamna. In kinka hwaɗa mashi, kin kashe mashi uba karo na biyu. Ke kina ganin tsoron allura ta lanƙwashe shike? Tsoron ta shiga shike."

"To Inna, mu bar shi ƙahwa ta ruɓe saboda sunan wanda ya riga mu gidan gaskiya?"

"Wa ya ce? Magani in an ɗaura shi ai ana karya shi. Je ki ce mashi wana ya bar mani makarin."

Na dube ta. "Ya bar maki?"

Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Samo mani tsamiya da ganyen sabara, ki rage surutu."

Ranar da aka sa, da hantsi, Inna ta aika aka kira matan unguwa da dattawan masallaci, wai abin da aka ɗaura a gaban mutane a gabansu ake kwance shi. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Rabi'u ya zauna, ya naɗe hannun riga. Inna ta fito da jiƙonta a sabuwar ƙwarya, ta yi bisimilla, ta yi wa wanta addu'a, ta ce, "Ɗan wana, ubanka ya ɗaura maka wanga don ka rayu. Yau don ka rayu ni ka kwance shi. Sha."

Ya shanye, ya yamutsa fuska don tsami. Haladu ya matso da sabuwar reza, ya ɗan ja ta a damtsen. Jini ya tsattsafo, ya gangaro. Wurin ya ɗauki salati. Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah, Sanda ya san aiki!" Rabi'u ya zuba wa jinin ido, hawaye na bin kumatunsa, ya ce, "Baba, ka riƙe ni iyakar riƙo. Huta hakanan." Ni da na sayo tsamiyar da hannuna, sai da na yi kuka.

Inna ba ta bar taron ya watse haka ba. Ta juya ga mata ta ce makarin yana da sharaɗi: daga yau ba ya cin abincin kowane gida sai abin da Zainaba ta auna masa. Wannan ma ban san daga inda ta samo shi ba, amma na ga mata da yawa sun sauke ajiyar zuciya.

Washegari muka koma Maradi, ya miƙa hannu a gaban kowa aka ɗebi jini. Suga ta yi sama ƙwarai. Aka fara ba shi magani, aka kula da mikin. Asurans ba su amince nan take ba, sai da muka yi ta sintiri, yau a kawo wannan gwaji gobe wancan, har madam mai tabarau ta san ni da suna. Likitansu ya gan shi ido da ido, ya ji yadda yake numfashi bayan ya hau 'yan matakalai. Daga ƙarshe suka ce za su ɗauki aikin.

Ranar tafiya Yamai na je da safe in yi masa sallama. Na tarar Haladu na yi masa askin tafiya a ƙofar gida, Rabi'u ya sunkuyar da kai, aska na bin ƙeya. Na shirya tsokanata tun daga gida, zan ce ya bar mana bencin gado. Kafin in buɗe baki sai na ji muryarsa daga ƙasa.

"Haladu, yau in ka yanke ni, ba sai ka danne da yatsa ka jawo mani labarin kasuwar Gidan Rumji ba."

Askar ta tsaya cak. Haladu ya dube ni, na dube shi.

Na ce, "Kai Rumbu! Ashe ka sani?"

Bai ɗago ba. "Ƙeyata ce hwa, Salamatu. Ni ka jin zahin."

"Shi ne ka bari muna ta wahala, har da tsamiya?"

"Ku gode ma Gwaggo, ita ta buɗe mani ƙohwa." Sannan ya ƙara da cewa, "Tsoho ya bar gonarshi cikin damana saboda ni. Ya dawo ƙahwahunshi duk sun tsage. In tashi in ce ma gari bai samo komi ba?"

Haladu ya goge ido da bayan hannu, ya tsoma askar a ruwa, ya ci gaba da askin.