Ranar da ta kira sunansa

Maki uku aka ba ƙanena cikin goma. Da idona na gani, ranar da ya bar wayarsa tana caji a ɗakina a Kankia. Ni kuwa ban iya ganin waya a buɗe in kau da kai, wannan halin kowa ya san ni da shi. Wani guruf ne na samari, kowa ya tura hotonsa, sauran su duba tsawo da hanci da hasken fata su yanka masa maki. A ƙarƙashin nasa hoton wani ya rubuta: "Gajere, baƙi, ɗan kabu-kabu. Ɗan'uwa, taka ta ƙare tun kana ciki." Shi kuma sakaran ya amsa, wai haka Allah ya rubuta masa. Innalillahi! Sai da na nemi wuri na zauna.

Yana dawowa na tare shi a ƙofa. Ko kunya bai ji ba.

"Yaya, ba za ki gane ba," in ji shi. "Mace tana gama yanke hukunci kafin ka buɗe baki. Irinmu ba a son mu."

Na ce, "To ɗiyar Ƙofa fa?" Wata mai ɗinki ce 'yar garin Ƙofa, shekara biyu ba ta hawa babur ɗin kowa zuwa Kusada sai nasa. Mahaifinta ma ya aiko cewa in da gaske yake ya turo magabata kafin kaka ta wuce.

"Ai ita ce hujjata. Da tana kiran sunana. Wata shida ke nan ta daina, sai Malam, kanta a ƙasa. Na tambaya a guruf, sun ce in mace ta daina kiran sunanka, ta daina kallonka, to ta shafe ka."

Na riƙe baki. Mutumin da ya tashi a gidan da uwarmu ta shekara arba'in ba ta taɓa faɗin sunan babanmu ba! Na ce, kai don Allah, sunan wa mace take ɓoyewa in ba na wanda ta ɗauka miji ba? Ya ce wannan zamanin da ne. Saƙon mahaifinta kuma wai tausayi ne kawai.

Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na haɗa shi da kawunmu, yaron ya ce masa to, ya koma wayarsa. Aka yanke dawa, aka sa a rumbu, bai tura kowa ba. Raina ya ɓaci sosai, na daina yi masa maganar.

Wata safiya maƙwabciyata ta faɗa mini an sa ranar yarinyar da wani mai shago na garin Dudunni, ita da kanta ta zaɓa. Na san mutumin, wallahi ƙanena ya fi shi tsawo. Na rasa ta inda zan fara gaya masa.

Washegari ya ɗauke ni zuwa kasuwar Kusada, muka yi kiciɓis da yarinyar wajen masu atamfa. Ta dube shi ido cikin ido, ta gaishe shi, ta kira sunansa gatsau har sau biyu, yadda ake kiran kowane ɗan kabu-kabu, ta wuce abinta.

Ya juyo yana washe baki, babur na ta ƙara a ƙarƙashinsa.

"Yaya, kin ji? Ta dawo kiran sunana! Ko in tura su Kawu ne?"

Na ce masa ya kashe babur ɗin tukuna.