Abin da Na Samo a Tseren Iyaye Mata

Ranar wasannin makarantar 'yata a Samaru aka ce iyaye mata su fito tsere. Ni da na taɓa cin kofin gudu a sakandare, na gyara ɗaurin zane, na tuɓe takalmi, ina kallon sauran matan da tausayi. Ana busa usur na zabura. Ban yi nisa ba na ji ƙas a ƙafar dama, na zube daidai gaban rumfar manyan baƙi. 'Yata ta rufe fuska da hijabinta.

Hoton asibiti ya nuna ba karaya, jijiyar idon sawu ce ta ɗan yage. Aka tura ni wurin wata mai gashin ƙashi a Sabon Gari. Iyayenta mutanen kudu ne, amma a Muciya aka haife ta, Hausarta kamar ta cikin birni.

"Hajiya, garin yaya?"

"Motsa jiki nake yi."

"Wane iri?"

Na faɗa mata. Da ta juya ɗauko bandeji na ga kafaɗunta suna rawa saboda dariya.

Da farko hutu ta ba ni: ƙanƙara a ƙunshe cikin tawul, ƙafa a ɗage bisa filo. Wannan na iya shi sosai, har ruwan sha aike nake yi. Da kumburi ya sauka ta ce in riƙa rubuta a, b, c a iska da babban yatsan ƙafa. Maigidana ya shigo ya tarar da ni ina fama da harafin g.

"Yaƙi da jahilci aka koma?"

Daga nan sai jan igiyar roba da ƙafa, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya ina tangaɗi kamar mai jin barci.

Zafi na ɗaukewa na sallami kaina. Aka yi bikin ƙanwata a unguwar Jama'a, na zura takalmi mai tsini, na shiga fili na cashe. Washegari ƙafar ta yi suntum.

Mai gashin ƙashin ta latsa wurin, na yi ƙara.

"Kin yi rawa ko?"

"Ɗan rausaya ne kawai."

"Hajiya, zafi ne ya tafi. Jijiyar ba ta gama haɗewa ba, balle ta yi ƙwari."

Muka koma kan ƙanƙara. A wannan karon na bi a hankali, daga tafiya a tsakar gida zuwa hawa matakala, zuwa ɗan sassarfa tana biye da ni.

Duk tsawon jinyar a kan kujera nake sallah. Wata la'asar na ture kujerar, na yi sujada, na naɗe ƙafar na zauna tahiya, ban ji komai ba. Sai da na yi ƙwalla. Da na zo miƙewa kuma sai da na dafa bango, amma wannan gwiwa ce, ita tun kafin tseren take ƙara.