Mutumin da Ya Hana Asiku Jifa

Kafin motocin rake su fara rugugi a titin Lugazi, Yekoyada Walusimbi ya riga ya haye tsohon kekensa ya bar gida. Shayi ma a tsaye yake kurɓarsa. Matarsa ta gaji da jawo masa kujera, ta bar shi da halinsa. A bayan keken akwai buhu ɗaure da roba, cikinsa ƙwallaye da suka sha ɗinki har suka gaji, da wata safar kama ƙwallo wadda ta girmi duk yaran da yake bi. Kawu ake ce masa a garin nan, har tsofaffin da suka girme shi. In ka tare shi ka ce ina zuwa da sassafe haka, sai ya ce maka neman hannu, ya taka feda ya bar ka da baki buɗe.

Hannun jifan besbol yake nema. Wasan nan duk nauyinsa a kan majefi yake, yaron da zai tsaya a kan ɗan tudu ya wurga ƙwallo mai taurin dutse, wani yana jiran ta da kulki. Wanda jifansa ya fi ƙarfin kulki, shi manyan ƙungiyoyin ƙetare suke nema ruwa a jallo. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan Kawu yana bin ƙauyuka da barikokin masu saran rake yana cigiyar irin wannan hannu, tun lokacin da wani baƙo ɗan Japan ya koya masa wasan, ya tafi ya bar masa safar nan. Ba albashi, ba ofis, ba ko inuwar da zai ce tasa ce.

Shi ba ya tara yara ya ce ku gwada in gani. Ya ce yaro in ya san ana kallonsa, jifan ƙarya yake yi. Gindin mangwaro yake zuwa, ko gonar masara inda ake korar birai da dutse, ya jingine keke ya yi kamar sarƙa ce ta zame, alhali idonsa na kan ƙugun yaro da ƙafar da ya jefa gaba. Abin da ya fi dubawa kuwa shi ne bayan yaro ya yi kuskure: zai sake ɗaukar dutse ne, ko zai zagi biri ya yi tafiyarsa? In ya ga abin da yake so, sai ya bi yaron har gida, ya gaida uwa, ya sha tambaya wurin uba, wani lokaci ma a sakar masa kare.

Ni Malama Nakiganda, a firamaren da yake aron filinta nake koyarwa, kuma kada wani ya ɗauka shiri muke yi. Gilashin tagar ajina nawa yaransa suka fasa? Na daina sakawa, katako na sa aka buga. Mun yi cacar baki da mutumin nan har gaban shugaban makaranta. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Yaron da bai zo aji da safe ba, ba ya taka filin Kawu da yamma. A bakin ƙofata yake tsayawa ya tambaye ni wa ya yi fashi. A gabana wani mai faɗa a ji ya kawo ɗansa a mota, da takalma sababbi fil. Kawu ya kalli jifan yaron na ɗan lokaci, ya ce wa uban, kan yaron nan ya fi hannunsa kyau, a bar shi ya yi karatu. Mutumin ya tafi yana kumfar baki. Kai ne mai ido, Kawu, kai ne wanda ba ya sayar wa yaro mafarki don a ce da shi sannu.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: duk shekarun nan, ba yaro ko ɗaya da aka ɗauka daga hannunsa zuwa ƙetare. Masu babur ɗin haya na bakin kasuwa sun mai da shi abin tsokana. In ya wuce sai su ce, Kawu, yaushe jirgin namu zai tashi? Ya ɗaga musu hannu yana dariya, amma ni na san dariyar ba ta kai ciki ba. Gwiwoyinsa sun fara ƙi, likita ya ce ya sauka daga keke. Lokaci na ƙure masa, shi ma ya sani.

Ana cikin haka ya samo Asiku. A bayan barikin masu saran rake ya gan shi, dogon yaro siriri ɗan shekara sha biyar, yana korar birai daga masarar gidansu. Kawu ya faɗo ajina, ya manta ma a makon ba ma ga-maciji, yana ce min dutsen yaron har kuka yake a iska. Uban yaron, Andama, mutumin Arua ne, can arewacin ƙasar, da ya zo saran rake tun yana saurayi, tafin hannunsa duk kanta, ba ya son magana biyu. Shekara guda Kawu yana gyara yaron, yana auna masa jifa kamar magani. In ya ce ya isa, to ya isa. Da ya tabbata hannu ya nuna, sai ya sa aka ɗauki jifan a waya, aka aika wa wasu masu ɗibar yara zuwa makarantar horo ta ƙungiyoyin ƙetare. Suka ce za su zo wata Asabar da na'urarsu ta auna gudun ƙwallo. Su kuwa mutanen nan, yaro in ya haura sha bakwai, ko waiwayarsa ba sa yi. Asiku a lokacin ya cika sha shida.

Labari ya cika bariki. Andama, da bai taɓa taka filinmu ba, ya hango ƙofar da za ta raba ɗansa da adda, sai ya yi abin da ya sani. A gonar rake, sabon ma'aikaci in hannunsa ya kumbura a makon farko, ba a ce masa huta. Cewa ake ci gaba, hannu zai faɗa, ciwon sara sara ne maganinsa. Haka aka yi wa Andama, haka shi ma ya yi wa na bayansa. Ya rataye tsohuwar katifa a jikin bishiya bayan ɗaki, ya sa Asiku jifa safe da yamma, ban da na filin Kawu, ya kuma hana a gaya wa Kawu, wai tsohon yana lallaɓa yaron da yawa. Da gwiwar hannun ta fara zogi, sai ya gasa masa da ruwan zafi ya ce madalla, aiki ya fara shiga jiki. Ba mugunta ba ce, wallahi, so ne. Amma garin neman ƙiba aka samo rama.

Ranar Alhamis kafin zuwan baƙin, ina tsaye a bakin fili, Asiku ya zo gaida Kawu. Ya miƙa dama, ya tallafi gwiwar hannun da hagu, ya sunkuyar da kai, yadda kowane ɗan mutunci yake gaida babba a nan. Ni har na ji daɗi, na ce a raina yaro ya fara hankali. Kawu bai saki hannun ba.

"Asiku, yaushe ka koyi ladabi?"

Yaron ya ƙara sunkuyar da kai.

"Shekara guda kana miƙo min hannu ɗaya kamar sa'anka. Yau kuma biyu? Cire na hagun in gani."

Ya cire. Kawu ya ɗan juya hannun waje, a hankali, sai ga yaro ya cije leɓe, ido ya kawo ruwa. A nan maganar katifa ta fito. Kawu bai yi faɗa ba. Ya zagaya filin nan ya sake zagayawa, hannu a baya, yana magana shi kaɗai, har tsoro ya kama ni. Ya san jijiyar gwiwar hannu in ta fara tsagewa, jifa mai ƙarfi na wuni ɗaya ya isa ya tsinke ta, kuma wa zai ɗinke mana ita a nan? Ya kuma san baƙin nan shi ya kira su da bakinsa, ba lalle ne su sake amsa kiransa ba.

Asabar ta zo, fili ya cika maƙil. Masu wainar fulawar nan ta capati da gasasshiyar masara sun kafa, mutanen bariki sun zo da ganga. Baƙin suka sauko daga mota da na'urarsu. Asiku ya ɗauki ƙwallo ya nufi tudun jifa, yana rantsuwa ya ji sauƙi, yana roƙo. Kawu ya riga shi. Ya hau tudun da gwiwoyin nan nasa, ya tsaya, ya ƙi sauka, ya gaya wa baƙin gaskiya a gaban kowa. Suka ce ko kaɗan ne a gani, tunda sun yi doguwar tafiya. Ya ce ko ɗaya. Sai ga Andama ya ratso jama'a.

"Tsoho, ɗanka ne ko ɗana?"

"Ɗanka ne, Andama."

"To sauka. Ni da ciwon hannu na ciyar da shi. Wuni ɗaya ne zai kashe shi?"

"Shi ba zai mutu ba, hannun ne zai mutu. In ya tsinke, su mota za su shiga su tafi. Ni da kai za a bar wa shi, ko adda ba zai iya ɗagawa ba."

Andama ya tofar da yawu ya juya. Baƙin suka auna wasu yara don kada zuwan ya tashi a banza, suka yi sallama cikin mutunci, suka tafi ba su ɗauki kowa ba. Jama'a suka watse suna zagi. Wasu suka ce hassada ce, wasu suka ce ruɗin tsufa, wasu ma suka ce ya yi wa yaron wani ciniki a ɓoye. Asiku ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar ransa zai fita, ni ma raina ya ɓaci, ban san wa zan ji wa haushi ba.

Uwar yaron ce ta saci jiki ta ba Kawu shi ya kai asibiti. Likita ya ce hutu, na watanni, ba jifa ko na tsakuwa. Kawu ya mai da shi gudu, da jan robar tayar keke a hankali a hankali. Andama ya daina amsa gaisuwarsa. Masu babur suka daina tsokanar jirgi, kuma shirun nasu ya fi tsokanar ciwo. In ya kira baƙin a waya, sai su ce za su duba. Bai taɓa bugun ƙirji ya ce shi ne da gaskiya ba. Sau ɗaya ma ya tsaya a tagar katakon nan tawa, ya tambaye ni ko dai ya rufe wa yaron ƙofarsa guda ɗaya ce tal.

Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga coci, muka yi masa 'yar walimar sauka daga keke a filin makaranta. Ba a cika ba. Aka dafa matoke, tuwon ɗanyar ayaba, da miyar gyaɗa, aka ajiye masa kujera, ya ƙi ta kamar kullum. A makon ne likita ya yarje wa Asiku ya koma jifa. Kawu ya zaro tsohuwar safarsa don ya kama masa ƙwallo, ya ga tsuguno ya gagara, sai ya kifa bokiti ya zauna. Ranar na fara ganin mutumin nan a zaune. Can bayan shinge na hango Andama, ya harɗe hannu, ba ya ciki ba ya waje.

Asiku ya hau tudu, ya ɗaga ƙafa, ya saki. Ƙarar da ƙwallon ta yi a cikin safar ta sa masu rabon abinci suka ajiye cokali. Ya sake, ya kuma sakewa. Kawu ba ƙwallon yake kallo ba, fuskar yaron yake kallo. Can ya ce ya isa, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya taka har tudun ya miƙa hannu. Asiku ya cafke da dama kaɗai, ya girgiza har tsohon ya yi tangal-tangal.

"Mara kunya," in ji Kawu. "Da hannu ɗaya ake gaida babba?"

"Ɗayan ba shi da abin tallafawa yanzu, Kawu."

Ban ga lokacin da Andama ya tsallako shingen ba. Sai dai na gan shi gaban Kawu. Ya miƙa damarsa mai kanta, ya tallafe ta da hagu, ya sunkuyar da kai.

Har yau baƙin ba su ce ga ranar zuwansu ba. Asiku zai cika sha bakwai bayan Kirsimeti, kuma duk baƙuwar motar da ta karyo kwanar makarantarmu sai in bar allo in leƙa. Jirgin da ake tsokanarka da shi, Kawu, mai yiwuwa ya tashi, mai yiwuwa ya ƙi tashi. Kai ne ka riƙe sunan da ka yi shekaru kana nema a tafin hannunka, ka sake shi don ɗan wani ya tsira da hannunsa. Mun gode, Allah Ya saka, gilasaina ma na yafe. Ku kuma masu horar da yara, da iyaye, da mu malamai, in an miƙo muku hannu ku riƙe shi ku duba, kada tafin jama'a ya sa ku saki.

Matarsa ta sa wa keken kwaɗo, ta ɓoye mabuɗin. Yau da safe na hango shi ta ƙofar ajina, buhu a kafaɗa, yana ɗingishi zuwa gonakin masara.