Maginin da Ya Fasa Bangayen Béxar

Macario Zepeda magini ne a garin Béxar, yankin Tejas na ƙasar Meziko, kamar ubansa. Rabin gidajen da ke kewaye da dandalin garin shi ya ɗora su, dutse da laka. Ga baƙin rai, ga taurin kai. In ya ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, sai ya gaya maka ragon da ya kwaɓa ƙasar.

A sanyin shekarar 1835 mutanen Tejas suka yi wa gwamnatin Meziko bore, sojojin gwamnati suka mamaye garin. Ranar da suka ɓalle ƙofofin Macario suka yi shinge da su, ranar ya saɓa ƙarfen haƙa ya bi 'yan bore, 'yan ƙasa irinsa da Amurkawa baƙi.

Titi ba ya biyuwa, igwa na share shi. Sai suka koma bi ta cikin gidaje. Macario ya huda bango, Amurkawa su zura bakin bindiga su yi ta wuta, sannan a kutsa da wuƙaƙe. Ya ga hanji a kan dutsen niƙa. Ya ga saurayin soja yana kiran uwarsa, muƙamuƙi a tsinke. Abin ya dame shi ƙwarai, amma bai ajiye ƙarfen ba.

Rana ta huɗu da hantsi suka iso bangon gidan 'yarsa Leocadia. Kaico! Shi da bakinsa ya ce mata ta tara 'ya'yanta da matan maƙwabta a ɗakin nan, don babu bango mai kaurinsa a garin. Ga shi sojoji sun shige gidan.

"Ba na fasa wannan," in ji Macario.

Shugabansu, wani jan Ba'amurke mai suna Tackett, ya tofar da taba. "Tsoho, hannu ya mutu ne? To, a kawo gangar albarushi."

"Albarushin uwaka! Akwai mata a ciki."

"Kowane ɗaki haka kuke cewa."

Macario ya ga in bai fasa ba, za a tashi ɗakin da duk wanda ke ciki. Ya durƙusa ya fara sara daga ƙasa, 'yar ƙaramar kafa daidai faɗin kafaɗunsa. Dutsen ƙarshe na faɗawa, kafin a zura bindiga, sai ya cusa kai da ƙirji ya toshe ramin.

"Leocadia! Ku fita ta baya! Ku fita!"

"Baba?"

"Ke, fita na ce, 'yar banza!"

Wani soja a ciki ya kafa masa wuƙar bindiga a dantse, ya murɗa. A waje Tackett na zabga masa gindin bindiga a gadon baya, mutum biyu na jan ƙafafunsa. Macario ya tokare da gwiwar hannu, jini na cika masa baki, yana ƙirga ƙafafun da ke wucewa. Sai da takalmin Leocadia ya ɓace a ƙofa ya saki jiki. Suka fizge shi kamar buhu, suka buɗe wuta. Sojoji uku suka mutu, mace ko ɗaya ba ta ji ciwo ba.

Aka ci garin, aka yanke masa hannun dama da wuƙar ta lalata. Tejas ta samu 'yancinta, shi kuwa ya koma zaune a inuwa yana zagin magina.

Bayan shekara shida sababbin baƙi Amurkawa suka cika Béxar, waɗanda ba su san wanda ya yi yaƙin ba. Wata safiya huɗu daga cikinsu suka zo kan dawakai, suka ce Leocadia ta kwashe kayanta, gidan ya zama nasu. Ta kamo dungulmin ubanta ta ɗaga.

"Ku duba! Don ƙasar nan ya rasa shi."

Babbansu ya yi dariya. "Ɗan Meziko ai ɗan Meziko ne, ko da hannu nawa."

Macario ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa. Ba su ma sauko daga doki ba, harsashi biyu suka sa masa a ciki.

Leocadia ta kwantar da shi a keken shanu tare da yaran, ta nufi kudu, wai ko a samu mai magani cikin dangi. Ya rasu saura kwana ɗaya su haye babban kogin da ke kan iyaka. A ƙauyen farko na Meziko ta nemi maza su haƙa kabari. Suka ga dungulmin, suka tambayi inda ya rasa hannun, ita kuwa ba ta iya ƙarya ba.

"Maci amana ne," in ji dattijon ƙauyen. "Mu ba ma haƙa wa irinsu."

Ta roƙi aron fartanya. Wannan ma suka hana ta.